Turken da Goggo Ta Hana a Tuge

Ranar da katafila ta iso bakin tafki, Goggo ta riga ta zuwa. Ta ajiye kujerarta a gindin tsohon turken da masunta ke ɗaure jirage, ƙafafunta cikin ruwa har idon sawu, ta baza komar da take ɗinki a cinya kamar ba ta ji ƙarar inji ba.

Wata ƙungiya ce ta ba da tallafi don a kula da tafkin: a koya wa mutanen gari auna ruwa, a dasa itatuwa don ƙasa ta daina zaftarowa, a kafa sabon ma'auni na ƙarfe. Ba wanda ya ƙi wannan. Sai dai takardar aikin ta ce a tuge turken, a zuba kankare a wurinsa. Shi kuwa turken, shekara talatin da ɗaya Goggo na yi masa tsaga da wuƙa duk ƙarshen damina, daidai inda ruwa ya tsaya. Ba ta iya rubutu ba, kuma ba ta da wata ajiya sai jikin itacen nan.

Shugaban kwamitin tafki, ƙanin marigayi mijinta, ya sauko yana ɗage wando don kada ya jiƙe.

"Yaya, don Allah tashi. Baƙi na kallo."

"Su kalla, Auta. Ba tsirara nake ba."

"An riga an sa hannu a takarda."

"Hannun wa? Naka? Hannun da bai taɓa riƙe filafili ba?"

Direban katafila ya kau da kai yana dariya. Shugaba ya sassauta murya, ya ce za a sare mata turken a kai mata gida, ta jingina shi a bayan ɗaki tana kallo.

"In ya bar wurinsa ya zama itacen girki," in ji Goggo. "Tsaga a bayan ɗaki tsayin me za ta nuna? Tsayin kaji?"

Injiniyar da ƙungiya ta turo, wata doguwar mace mai hular aiki, ta gaji da jira a mota, ta taho. Ta gaishe da Goggo da ladabi, ta yi bayani cewa sabon ma'auni ya fi daidai, kuma zai daɗe.

"Na yarda, 'yata. Zai faɗa muku ruwan baɗi. Na bara fa, da na shekarun baya, wa zai faɗa muku?" Goggo ta nuna jajayen tutocin da aka jera a gefen tafki. "Waɗancan na mene ne?"

"Layin dashe ne, Mama. Nan za mu sa itatuwan."

"To ku sa musu jirage kuma."

Ta ajiye komar, ta miƙe a hankali saboda gwiwa, ta ɗora yatsa a kan wata tsaga daidai ƙirjinta.

"Wannan shekarar da Auta ya faɗi jarrabawa ce. Ruwa ya kai ƙofar shagon mai walda. Wannan ta sama, shekarar aurensa. Wannan kuma shekarar da na rasa mai gida. Duk bayan shekara huɗu ko biyar yana dawowa. Ku kun zo auno a shekarar da tafki ya rame, kun zaci girmansa ke nan."

"Yaya, maganar jarrabawa ba ta cikin aiki," in ji Shugaba.

"Tana jikin turke."

Injiniya ta koma mota. Ta ɗauko na'urar awonta mai ƙafa uku, ta kafa a tudu, ta leƙa tsagar, ta juya ta leƙa tutocin. Ta sake yi. Sannan ta taka a ƙasa, ta wuce tutocin, ta ci gaba har sai da ta kusa shagon mai walda, ta tsaya nan ta daɗe.

Da ta dawo, Shugaba ya tare ta da cewa takarda ba ta canzuwa, in an taɓa layi ɗaya sai an mayar da ita ofis, kuma katafila haya ce.

"Sai a mayar," in ji Injiniya. "Ba zan dasa abin da zai nutse ba." Ta ɗaga wa direba hannu, ya kashe inji. "Ma'aunin zai zauna gefe. Turken ba a taɓa shi."

Goggo ba ta yi godiya ba. Ta dai ja kujerarta baya kaɗan, ta ba da wuri. Injiniya ta cire takalmi, ta shiga ruwan da tef na awo da littafi, ta durƙusa a gaban tsaga ta ƙasa.

"Mu fara da wannan, Mama. Wace shekara ce?"

"Ba daga nan ake farawa ba," in ji Goggo. "Zagayo ta baya, can tsagar farko take. Auta, zo riƙe mata tef."