Motar Ƙarfe Huɗu daga Nasugbu

Minda ta matse tukunyar da gwiwoyinta lokacin da bas ɗin ta sha kwana, amma duk da haka romon kaza ya tsiyayo ta gefen murfi ya ɓata mata siket.

"Nay, kazar ta yi miki fitsari," in ji Tonton, autanta mai shekara shida. Nay yaran ke kiranta, wato Mama.

"Bakinka. Zauna daidai, kafin kwandasta ya wurga ka ta taga."

Ya ƙyalƙyale da dariya. Yayarsa Jenalyn, 'yar shekara goma sha ɗaya, ta jingina goshi da gilashi tun da suka baro Pasay da ke Manila.

Tun da aka ba da hutun bazara Minda ba ta bar Asabar ɗaya ta wuce a banza ba. Ta kai su bakin ruwan Manila sun zauna a tabarma. Ta kai su wurin ninƙaya a Laguna, inda mutane suka fi ruwan yawa. Ranar da hannu bai kai ba, sun hau jirgin ƙasa daga wannan ƙarshe zuwa wancan sun dawo. Maƙwabta suna ta yabo: ga mai wankau, ba miji, amma dubi yadda take ji da 'ya'yanta. Yau kuma teku za su, garin yayarta Belen.

Abin da yaran ba su sani ba, ita kaɗai za ta dawo. Gobe da hantsi jirginta zai tashi zuwa Riyadh, aikatau na shekara biyu.

Kowa ya ba ta shawara, kuma shawarar ɗaya ce. Matan da ta tarar a layin ofishin wakilin da ya samo mata aikin, da maƙwabciyarta, da Belen ta waya: ba a sallama da yaro. Ki bari wasa ya ɗauke musu hankali ki sulale. Kuka ne na yini biyu, yaro mantuwa gare shi. Manya ne dai ke faɗin haka, kuma babu wanda ya taɓa komawa ya tambayi yaron.

A Nasugbu rana ta take kamar za ta narka kwalta. Belen na zaune a rumfarta ta gora a bakin ruwa, kewaye da robobin cikin taya da take hurawa tana ba masu wanka haya. Yaran suka kama hannunta ɗaya bayan ɗaya suka ɗora a goshinsu, gaisuwar da ake yi wa manya.

"Allah ya yi albarka. Kai, Tonton, ba sa ba ka abinci a Manila ne? Kamar tsinken tsire." Ta dubi jakar da ke kafaɗar ƙanwarta, ta rage murya. "Ke kuwa da wannan uwar jaka kamar mai gudun ambaliya? Tura ta ƙarƙashin benci."

Suka shimfiɗa ganyen ayaba, aka juye shinkafa da kazar, Belen ta ƙara da gasasshen kifi da tumatir. Da hannu suka ci. Tonton bai gama haɗiye lomar ƙarshe ba ya rungumi roba ya ruga ruwa da riga da gajeren wandonsa. Jenalyn ta bi shi a hankali, ta zauna a kan yashi inda kumfa ke tsayawa.

"Motar ƙarshe ƙarfe huɗu," in ji Belen. "Uku da rabi ki bi ta bayan rumfa, masu keke na nan a bakin titi. Sauran ki bar mini."

"Ate," in ji Minda, don haka ake kiran yaya mace a ƙasarsu, "ina so in gaya musu."

"Ki gaya musu me? So kike ya yi ta birgima a yashi, duk masu wanka su taru a kanmu? Ke ma ba haka Nanay, uwarmu, ta yi miki ba da za ta Hong Kong? Ga ki nan, kin mutu?"

"Sayen ƙanƙara ta aike ni."

"To?"

"Na dawo da ita, na zauna a bakin ƙofa ina riƙe da leda har ta zama ruwa. Tsoro nake kar ta dawo ta tarar na ajiye."

Belen ta ja tsaki, ta ɗauki famfo ta hau hura wata roba. "Shekara talatin kina riƙe da leda. Ni da na san za ta tafi fa? Kina tsammani sanin ya yi mini daɗi? Ni na yi miki ƙaryar ta je kasuwa har mako guda." Ta ci gaba da famfo, ba ta ɗago ba. "Ki yi yadda kika ga dama. Amma kin sa hannu a takarda, kin saki ɗakinki. Idan ya kama ƙafarki kika karaya, ina za ki mai da su?"

Minda ta tsuguna. Ta wanke tukunyar da yashi, ta sake wanke ta. Ta sayo wa yaran ƙanƙara mai zaki, Tonton ya shanye tasa da ta yayarsa. Ta shafa masa mai a bayan wuya inda rana ta fara ƙona shi. Duk wanda ya wuce da agogo sai idonta ya bi hannunsa.

Uku da kwata ta gangara ta zauna kusa da Jenalyn. Daga nan suna hango Tonton cikin robarsa, ruwa iya ƙirji, yana faɗa da igiyar ruwa.

"Ba za ki shiga ba? Duk wannan tafiya da muka sha?"

"Saudiyya ko Hong Kong?" in ji yarinyar, idonta na kan ƙanenta.

Minda ta ji kamar an ɗebe yashin da take zaune a kai. "Wa ya gaya miki?"

"Da safe na buɗe jaka neman mataji. Na ga katinmu na makaranta da takardun haihuwa a leda. Wa ke zuwa wanka da katin makaranta, Nay?" Ta tona yashi da yatsan ƙafa. "Da ma tun da kika fara kai mu yawo kowace Asabar na san da wani abu. Haka maman ƙawata Aiza ta yi."

"Riyadh. Shekara biyu kacal, 'yata. Kafin ki—"

"Ita ma biyu ta ce. Muna aji biyu lokacin. Bana za mu shiga shida."

"Ni ba maman Aiza ba ce."

Jenalyn ta ɗaga kafaɗa. Ba ta yi kuka ba, kuma da kukan ta yi da ya fi sauƙi.

"Zan riƙa kira kullum," in ji Minda. "Zan aiko muku da akwati a Kirsimeti, takalma, da wayarki ta kanki."

"Ba sa barin 'yan aiki su riƙe waya. Aiza ta ce."

"Ki daina kawo mini Aiza!" Ta ji muryarta ta yi sama, ta sassauta. "Saurara. Ba zan sulale muku ba. Na rantse tun ina ƙarama ba zan yi wa ɗan da na haifa haka ba. Kira mini shi, in gaya masa da bakina."

Sai a lokacin yarinyar ta juyo ta dube ta.

"Zai riƙe ki."

"Na sani."

"Zai ce kar ki tafi. Idan ya ce, za ki fasa?"

Wata igiyar ruwa ta zo ta jiƙa musu ƙafafu ta koma. Can wata rumfa wani ya ƙure lasifika yana waƙa da muryar da ba ta yi kama da waƙa ba, abokansa na tafa masa.

"Za ki fasa, Nay?"

"A'a."

"To don me za ki sa shi ya roƙa?"

Minda ta buɗe baki. Shekara talatin tana shirya amsar da za ta ba uwarta, ba ta taɓa shirya wadda za ta ba 'yarta ba.

Jenalyn ta miƙe ta karkaɗe yashi daga wandonta. "Maganin tarinsa yana cikin jakar?"

"Aljihun gefe. Cokali ɗaya, safe da—"

"Na sani." Ta kama hannun uwarta ta ɗora a goshi, da sauri, kamar mai gudun kar hannun ya ƙona ta. Ta sake shi ta shiga ruwa.

Minda ta tsaya tana kallo. Yarinyar ta isa wurin ƙanenta, ta kama robar da hannu biyu ta juya shi, bayansa ga gaɓa, fuskarsa ga faɗin teku. Ta nuna masa wani kwalekwalen masunta can nesa.

Taku ashirin ne tsakaninsu, ko ƙasa da haka. Da ta ɗaga murya sau ɗaya zai ji.

Ta ɗauki silifas ɗinta a hannu ta haura. Belen ta miƙo mata ƙaramar jakar hannunta ba tare da ta dube ta ba, ta ɗage buhun da ya rufe bayan rumfa. Minda ta sunkuya za ta fita ke nan, iska ta kawo mata muryar yaron.

"Nay! Na saki hannu ɗaya! Kina gani?"

"Tana gani," in ji Jenalyn. "Kar ka juyo, za ka kife."