Tsattsewa Tana Jan Hagu

Shekara talatin da ɗaya ke nan Delmo Ravaioli yana riƙe da wata magana da ya kamata ya faɗa wa maƙwabcinsa, bai faɗa ba. Ga shi yau ma yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin Olindo Zauli da kwanon romon kaza a hannu, maganar tana nan a cikinsa, inda ta saba zama.

"Shigo mana, ɗan fenti," in ji Olindo daga kan gado. "Ko awona ka zo ɗauka? Mai akwatin gawa ya riga ka."

"Romo ne, Maestro. Matata ta ce a kawo maka." Maestro, wato gwani, haka kowa yake kiran Olindo.

"Ba wa Nerina ta shanye. Ita ce za ta ɗauki nauyin kukan."

Nerina, matar Olindo, ta karɓi kwanon tana hararar mijinta. "Shekara hamsin ina jin wannan baki. Likita ya ce huhu ya gaji, amma bai ce komai a kan harshe ba."

Tun da Olindo ya kasa hawa bene aka sauko da gadonsa ɗakin da ke jikin gareji. Shi ya sa aka cire labulen ƙofar da ke tsakani, domin daga inda kansa yake a matashi ya riƙa ganin babur ɗinsa, Tsattsewa. Tana tsaye a kan ƙafarta, ja kamar tumatir, siririya har mutum ya ce zai iya rungumar ta da hannu guda. Silinda ɗaya gare ta, nauyinta bai kai kilo ɗari ba, tankinta kuma an lotsa shi ta gefe biyu domin gwiwoyin mahayi su sami wurin zama. Duk garin Riolo da Tsattsewa aka san ta.

An ƙera ta a shekarar 1959, a wata ƙaramar masana'anta ta birnin Bologna da ta daɗe da rufewa. A can Olindo ya yi shekara goma sha huɗu yana waldar firam, wato ƙashin jikin babur. Al'adar wurin ita ce, duk wanda ya gama firam sai ya ɗauki tambarinsa na ƙarfe ya buga harafin sunansa a ƙarƙashin wuyan babur, inda ido ba ya kaiwa sai an durƙusa. Da Olindo ya tashi sayen tasa, sai da ya bi layin babura da rarrafe har ya sami wadda ke ɗauke da harafin Z.

"Ba da hannu ake tuƙa ta ba," haka yakan ce a zamanin da yake da ƙarfi. "Da gwiwa ake yi mata magana. Ka kalli kwana kawai, ta riga ka shiga."

Yanzu kuwa, wurin da harafin yake ya zama fili, an goge shi da magagari.

Nerina ta zauna a bakin gado. "Delmo, ka yi masa magana. Mutanen ƙungiyar masu tsofaffin babura sun zo jiya, su Tonino. Sun ce idan ranar ta zo za su jera tsofaffin babura a ƙofar coci, a sa Tsattsewa a gaba, a tayar da ita sa'ad da ake fitowa da shi, kamar yadda aka yi wa kowa. Ya kore su."

"Na kore su, kuma zan sake," in ji Olindo. Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ba za a tura karkataccen aikina gaban coci ba, Tonino yana kallo yana murmushi a cikin gashin bakinsa. A rufe ta da bargo. Bayan kwana arba'in ki ba masu gwangwan."

"Maestro, ai ba wanda zai lura," in ji Delmo.

"Ni na lura. Tana jan hagu. Ka saki hannu daƙiƙa biyu, ta nufi rami. Na ba wuyan nan wuta fiye da kima, ƙarfen ya jure shekara goma sha takwas, sannan ya tona mini asiri. Firam dubu nawa na yi wa mutane? Wa ya san nawa ne suka jefa 'ya'yan wasu cikin rami?"

Delmo ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Bari in je, kada romon ya huce." Romon kuwa yana hannun Nerina.

Ya tsallaka titi ya shiga gidansa, ya zauna a kan matakala bai cire hula ba.

A watan Agustan 1977 abin ya faru. Olindo da Nerina sun tafi bakin teku hutun mako biyu, suka bar masa makullin gareji domin ya riƙa ba zomaye ciyawa. Delmo yana da shekara ashirin da takwas a lokacin, yana fentin motoci, yana kuma da sabon babur ɗan Japan da yake taƙama da shi. Rana ta huɗu ya kasa daurewa, ya fito da Tsattsewa ya hau hanyar tudu. Bai taɓa jin abu irin wannan a ƙarƙashinsa ba. Kamar babu babur, sai shi da iska da ƙarar inji. Amma tsofaffin baburan ƙasar nan giyarsu a ƙafar dama take, birki a hagu, akasin wanda ƙafarsa ta saba da shi. A kwanar gonar inabi, wata motar noma ta fito. Ƙafarsa ta dama ta taka neman birki, ta sami giya. Babur ɗin ta zabura ta daki dutsen gefen hanya.

Shi bai sami komai ba sai ƙujewa a gwiwar hannu. Kwana tara ya yi a garejin nan a rufe. Ya miƙe ƙafafun gaba, ya fitar da lotsawar tanki, ya haɗa jan fenti har sau shida kafin ya yi daidai. Aikin da ya fi kowane kyau a rayuwarsa ke nan, shi ya sa ba wanda ya taɓa gani. Wuyan firam ne kawai ya murɗe, da kaurin farce, shi kuwa bai san ya murɗe ba.

Ya ga Olindo ya dawo ya hau, ya sauka yana shafa haɓa. Ya ga ya ɗaura zare daga tayar baya zuwa ta gaba yana aunawa, Lahadi bayan Lahadi. Ya ji yadda aka fara kiransa Maestro Karkace a shagon shan kofi. Ranar da Olindo ya durƙusa da magagari, Delmo yana tsaye a kansa, shi ne ma ya riƙe masa fitila.

Washegarin ranar da ya kai romon, da safe Delmo ya aske gemu, ya sa rigar da yake zuwa coci da ita, ya tsallaka titi. Nerina tana shanya a bayan gida. Olindo ya ƙara faɗawa cikin kwana ɗaya. Hannayensa a kan bargo kamar an manta da su a wurin.

"Yau kuma wace miya?"

"Ba miya, Maestro." Delmo bai zauna ba. "Waldarka ba ta da laifi. Ni na kayar da ita."

Ya faɗi duka, a jere, ba tare da ya rage ko ya ƙawata ba: makullin, zomayen, motar noma, dutsen, kwana tara. Yana magana yana kallon tayil ɗin ƙasa, inda ƙafar gado ta karce shi.

Ana jin wata mota tana sauke akwatunan kwalba a shagon ƙarshen layi.

"Da wace ƙafa ka taka?" in ji Olindo.

"Da dama."

"Da dama." Ƙirjinsa ya fara motsi, Delmo ya zaci numfashi ne ya sarƙe, ashe dariya ce. Ta juye ta zama tari, Nerina ta shigo a guje da rigar shanya a hannu. "Nerina! Kin ji jakin nan? Da dama! A gaba ta daki dutse, ko a gefe?"

"A gaba, ta ɓangaren hagu."

"Gudu nawa?"

"Kamar sittin."

"Sittin, a kan dutse, kuma ba ta tsage ba." Idanunsa suka koma kan babur ɗin, suka cika da ruwa. "Ta murɗe kawai. Ko ɗaya daga cikin ɗinkin waldata bai buɗe ba. Kin ji, Nerina? Ko ɗaya."

"Na ji," ta ce a hankali. Ba mijinta take kallo ba. Delmo take kallo, kallon da ya gwammace a mare shi da a yi masa.

"Maestro, ka yafe..."

"Kai ka riƙe mini fitila," in ji Olindo. Dariyar ta tafi. "Ina goge sunana, kana haska mini." Ya juya fuskarsa wajen bango. "Fita, yaro. Ba na son ganinka yau."

Delmo bai sake ganinsa da rai ba. Kwana biyu yana zuwa ƙofar, Nerina tana cewa yana barci. A rana ta uku, wajen ƙarfe goma na safe, Delmo yana ban ruwa ga tumatirinsa sai ya ga an rufe tagogin katako na gidan Olindo, ɗaya bayan ɗaya, alamar an yi rasuwa. Ya bar ruwan yana zuba har ya cika masa takalma.

Ranar jana'iza da sassafe Nerina ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, sanye da baƙaƙen kaya. Ta miƙo masa wani tsohon gwangwanin kofi.

"Ya kira Tonino shekaranjiya, ya faɗa masa komai, don haka duk gari ya sani. Za a kai Tsattsewa coci." Ta gyara ɗankwalinta. "Wannan kuma ya ce in ba ka. Ya ce bugu ɗaya, kada hannunka ya yi rawa. Ya ce in ƙara maka da cewa har yanzu kai jaki ne."

"Ya ce ya yafe?"

"Abin da ya ce ke nan, Delmo. Ban rage ba, ba zan ƙara ba."

Garejin yana warin fetur da tsohon mai. Ta ƙofar da ba labule ana ganin gadon, an kwashe zannuwan, katifa kawai. Delmo ya buɗe gwangwanin. A cikin wani tsumma ya sami ɗan guntun ƙarfe mai tsawon yatsa, kansa ya baje saboda dukan guduma: tambarin Olindo mai harafin Z. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya laluba ƙarƙashin wuyan babur har yatsansa ya sami filin da magagari ya bari. Babu mai riƙe masa fitila, sai ya jingina fitilar da taya. Ya saita tambarin, ya buga.

Harafin ya fito fari tas a cikin tsohon ƙarfen.

Bai hau ta ba. Ya kama hannuwanta ya turo ta titi, ya nufi coci a ƙafa. Can sama an fara kaɗa ƙararrawa. Tsattsewa tana ta jingino masa ta hagu, a hankali, shi kuma yana tare ta da ƙugunsa.