Ramin Malam Shitu

"Wallahi duk mai son ɗora guduma a kan bakan ƙofar nan, sai dai ya fara da kaina!"

Na ajiye almakashi na leƙo daga shagona. Malam Shitu ne, maƙwabcina, tsohon ɗan kwana-kwana, ya baje hannuwa a ƙofar ofishin kwana-kwana, inda ya yi aiki a da. Ginin dutse ne, ƙofarsa mai baka, kuma mahaifinsa magini ne ya jera ta da duwatsun Rano, babu rodi ko ɗaya. Yanzu an kawo sabuwar motar kashe gobara, ta fi ƙofar tsayi da taki guda.

"Baba, mota ba za ta kwana a waje ba," in ji Injiniya Salahuddeen. "Dole a fasa."

"A haƙa ƙasa mana! In aka zare dutsen tsakiyar nan, duk ginin zubewa zai yi."

"Ba ni da leburorin haƙa. In za ka iya kafin Juma'a, bismillah."

Washegari sai ga tsoho da diga. Shekara saba'in da huɗu! 'Yan acaɓan Rurum suka yi ta dariya, ni kuwa na fi kowa baki.

"Malam, rijiya ce ko masai?"

"Tela, ji da zarenka."

Kwana uku yana sara, babu wanda ya karɓe shi, har ni da nake kallonsa ta taga.

Ranar Alhamis bayan azahar na ji digar ta yi shiru. Na tsallaka da kwanon fura, na same shi zaune cikin ramin, ya jingina da bango, hularsa a gwiwa.

"Yau dai an gaji ke nan?"

Na sauka cikin ramin. Na taɓa kafaɗarsa, sai ya sulale gefe. Kwanon ya suɓuce mini. Na yi ta salati. Mutumin da kwanan nan ya mayar mini da magana! Firgici da kunya suka rufe ni.

Da la'asar aka binne shi. Da muka dawo daga maƙabarta, masu ɗauke da diga da shebur ba su nufi gida ba. Babu wanda ya ce a yi. Ramin muka shiga, ni ma na naɗe hannun riga.

Ranar Juma'a da hantsi direba ya shigar da motar da baya, a hankali. Tsakanin rufinta da dutsen tsakiya, yatsa biyu ya rage. Muka tsaya muna kallon ɗan hasken da ke tsakaninsu, ƙafafunmu duk jar ƙasa.