Allon da Yasmin Ya Lulluɓe

Ruwaida ta sake buɗe hoton a wayarta, ta dube shi, ta kife wayar a cinya. Tun safe layin kotun laifukan hanya bai yi wani motsin kirki ba. Mutane sun cika bencina, kowa da takardarsa a hannu, ruwa kuma na sauka a kan tagogin sama a hankali, irin yayyafin birnin Amman na lokacin sanyi, wanda ba ya tsayawa kuma ba ya ƙarfi.

Shekararta goma sha ɗaya tana koyar da tuƙi, ba a taɓa rubuta mata tara ba sai ran Talatar nan. Ta sauke wata ɗalibarta a unguwar Luwaibda, ruwa ya tsuge, ta ga gurbin ajiye mota a buɗe a Titin Lemo ta shige. Niyyarta ta jira ruwan ya lafa. To amma daga nan ana hango matakalar da ke gangarawa zuwa gidan da aka haife ta, wanda aka sayar bayan rasuwar mahaifinta. Ta fita babu ko lema. Ta sauka matakalar ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya gaban ƙofar da yanzu aka yi wa koren fenti, tana jin kamar in ta ƙwanƙwasa mahaifiyarta ce za ta buɗe da gari a hannu. Ba ta san sa'a guda ta wuce ba. Da ta hawo, ta tarar da takarda a jiƙe manne a gilashi: ta ajiye mota a gurbin nakasassu.

Abu Lais, mai makarantar tuƙin, bai ɗaga murya ba. "Mota da sunana a kanta, a gurbin guragu? Ruwaida, ki je ki wanke kanki a kotu, ko ki kawo min makulli. Ba ni da na uku."

Shi ya sa take ta duba hoton. A take ta ɗauke shi, kafin ta bar wurin. Shuɗin fentin da ke ƙasa ya koɗe har ya saje da kwalta. Allon alamar kuwa, wanda doka ta ce dole direba ya iya ganinsa daga kujerarsa, furen yasmin ya yaɗo daga katangar wani gida ya naɗe shi tun daga gindi har kai.

"Matsa min kaɗan, 'yata, ƙafar nan tawa ba ta da ladabi."

Wani dattijo ne a kan sanduna biyu, da jan rawani mai ɗigo-ɗigo a kafaɗa. Ta matsa. Ya zauna da nishi, ya kama ƙafarsa ta hagu da hannu biyu ya gyara mata zama, ya jingine sandunan.

"Abu Gassan," in ji shi, yana dafa ƙirji. "Magini. Da can, ina nufin. Rabin fararen duwatsun garin nan sun san hannuna, har ranar da ɗaya daga cikinsu ya ga dama ya san ƙafata. Ke me kika yi musu?"

"Ajiye mota, Baffa."

"Duk mu ke nan. Ni kin ga wai na tare hanya." Ya zaro burodin riɗi daga aljihun kwat, ya gutsura, ya miƙa mata rabi. "Ci. Alƙali ba ya tausayin mai yunwa. Ina da gurbina a ƙofar gida, shekara tara, da takarda da hatimi. Ran Talata na dawo daga sayen maganin matata, sai na tarar wani ɗan albarka ya shimfiɗa motarsa a ciki. Na zagaya, na sake zagayawa, har sau shida. Da na gaji na jingine tawa a gindin tudu, na hau da sanduna cikin ruwa. Ɗan sanda ya bi baya ya rubuta min."

Ruwaida ta ajiye burodin a cinya.

"A wace unguwa?"

"Luwaibda, Titin Lemo. Motar koyon tuƙi ce ma, kin ji abin dariya. Masu koya wa mutane doka! Na yi masa addu'a a kan tudun nan, kowane taki da tasa. Na ce Allah Ya sa tayarsa ta sace ranar ɗaurin aurensa. Allah Ya haɗa shi da suruka mai dogon zance."

Ya yi dariya har da tari. Ita ma ta motsa baki. Ta duƙar da kai tana kallon takalmansa: na dama ya cinye, na hagu sabo ful kamar yau aka saye shi.

"Babu alama ne a wurin?" ta tambaya a hankali.

"Akwai." Ya karkaɗe riɗi daga gwiwarsa. "Gaskiya dai, akwai da babu. Ranar da 'yan hukumar gari suka kafa allon, na fito na ga zanen ɗan mutumin nan a kan keken guragu, fari a kan shuɗi, daidai ƙofata. Ni da nake hawa bene huɗu da dutse a kafaɗa. Kwana uku ban fita ba. Nuhad, matata, ta lura. Sai kawai ta kama reshen yasmin ɗinta ta ɗaura a jikin ƙarfen da zare. Shekara ba ta zagayo ba ya rufe shi. Duk layin sun san gurbina ne, me za a yi da allo?"

"Tana lafiya?"

"Jiki lafiya lau. Ita ce dai ta tafi ta bar shi." Ya taɓa gefen kansa da yatsa. "Shekara biyu rabon da ta kira sunana. In na shiga da shayi sai ta ce, 'Sannu, bawan Allah, ajiye a can.' Wani lokaci takan tambaye ni ko na ga mijinta a hanya."

Ruwaida ta ɗaga kai ga tagogin. Ruwan na gangarowa layi-layi, surutun zauren ya yi nisa kamar daga ƙarƙashin rijiya. Ta ga kanta tana sauka waccan matakala, shi kuma yana hawa nasa tudun, a cikin ruwa ɗaya, tsakaninsu bai fi jifa ba, kowa ya nufi ƙofar da ba a san shi ba.

Magatakarda ya leƙo ya kira sunanta.

Ɗakin alƙalin ƙarami ne, yana warin jiƙaƙƙun riguna da gahawa. Alƙalin ya karanta takardar ba tare da ya dube ta ba.

"Kin amsa laifi?"

Ta tuna takalmin hagu. Ta tuna makullin da ke jakarta, da 'ya'yanta mata biyu da ke jami'a a kan wannan makulli.

"Na ajiye motar, ranka ya daɗe. Amma ban ga alama ba."

Ta miƙa wayar. Ya tura tabarau goshi, ya kawo ta kusa da hanci.

"Ina allon?"

"Yana cikin ganyen."

"Wannan ai lambu ne. Fentin fa?"

"Shi ne wannan toka-tokan."

"Gurbin da ba a ganinsa ba gurbi ba ne." Ya ja layi a kan takardar. "An soke. Rubuta wa hukumar gari," ya ce da magatakarda, "su sabunta fenti, su sare wannan ciyawar. Na gaba."

Ta fito. Ƙofar fita na hannun dama, kuma babu abin da ya hana ta bi. Ta tsaya jim. Sannan ta koma bencin ta zauna inda ta tashi.

"Yaya?" in ji Abu Gassan.

"An soke."

"Madalla! Burodina ne."

"Baffa, motar nan tawa ce."

Bai gane ba da farko. Ya dube ta, ya dubi jakarta, ya sake dubanta.

"Ke ce ɗan albarkan?"

"Ni ce. Kuma akwai wanda ya fi wannan. Na nuna hoton allon. Alƙali ya ce a je a sare yasmin ɗin."

Hannunsa ya lalubi sanda ya riƙe, ya sake ta.

"To," ya ce daga ƙarshe. "Addu'ar suruka dai na janye, kin wuce nan. Mu ga hoton da ya ci ni da yaƙi."

Ta buɗe ta ba shi. Ya riƙe wayar nesa da fuska, yana ƙanƙance ido. Ga titin yana sheƙi, ga katangarsa, ga yasmin ya yi duhu da ruwa.

"Ya yi kyau, ja'iri," in ji shi. "Ban taɓa ganinsa daga tsallake ba." Sai yatsansa ya tsaya a saman hoton. "Mene ne wannan?"

Ruwaida ta leƙa. Sau ɗari ta kalli hoton nan, idonta bai taɓa wuce allon ba. A tagar bene akwai wani ɗan fari-fari. Ta sa yatsu biyu ta buɗa wurin.

Wata tsohuwa ce da farin mayafi. Ta ɗage labule da hannu ɗaya, ɗayan tafin ta manna shi a gilashi, goshinta ma a jingine. Ba mai ɗaukar hoton take kallo ba. Ƙasa take kallo, daidai gurbin, inda baƙuwar mota ke tsaye.

"Ba ta zuwa taga," Abu Gassan ya ce. "Kullum in na shigo a kujera nake samunta, ta ba ƙofa baya." Ya dubi Ruwaida. "Ƙarfe nawa ne wannan?"

"Sha biyu da kwata."

"Sha ɗaya da rabi nake dawowa. Kullum."

Magatakarda ya leƙo ya kira sunansa. Bai ɗago ba. Aka sake kira, da ƙarfi, har mutanen bencin gaba suka waiwayo.

"Baffa, kai ake kira."

"Ya jira," in ji shi. Ya goge gilashin wayar da gefen rawaninsa, a hankali, ya miƙo mata ba tare da ya sake ta ba. "Ƙara min girmanta kaɗan, 'yata."