Kaset Mai Lamba Ɗari da Sha Huɗu

A gidan rediyon da ya yi wa aiki shekara talatin da biyar, Mai Kunne suke ce masa, kuma sunan ya bi shi har gida. Mutum ne da in ka yi tari a bayan ƙofa ana ɗaukar shiri, sai ya gano ka, ya yanke tarin, sannan ya zo ya yi maka faɗa. Aikinsa ke nan, gyaran sauti. Ya yi ritaya, amma kunnen ko hutun kwana ɗaya bai ɗauka ba.

Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Hotunanta suna nan birjik, amma muryarta wuri ɗaya tak ta rage a duniya: kaset mai lamba ɗari da sha huɗu. Wata rana, can da daɗewa, ya kafa makirfo a gaban rediyon falo yana ɗaukar wani kiɗa na jita da sarewa, kiɗa zalla ba waƙa. Ana tsaka da daɗi ta leƙo daga kicin ta ce, "Haba, ka rage mana, yarinya na barci." Ya ɗaga mata hannu alamar ta yi shiru, ita kuwa ta tuntsire da dariya, ta bi sarewar da baki, a karkace kuma. Shekara da shekaru yana mita ta ɓata masa kaset. Bai kuma rage ba, ko a ranar ko bayanta.

Yarinyar da ke barci ita ce yanzu malamar asibiti mai 'ya'ya biyu. Tun rasuwar take roƙonsa ya kunna mata kaset ɗin, shi kuma yana ta kewaye-kewaye. Gaskiyar ita ce ba ya iya sauraronsa, zuciyarsa ba ta ɗauka. Amma namiji irin Mai Kunne ba zai faɗi haka ba, sai ya ɗora wa rikoda laifi.

"Wannan gwangwanin? Ba zan sa miki mahaifiyarki a cikinsa ba. Ki jira kayana su iso, za ki ji ta kamar tana zaune nan."

Kayan kuwa ba na wasa ba ne. Akwai wani ɗan akwati baƙi mai juya abin da ke cikin kwamfuta ya koma sauti, da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai nauyin buhun siminti, da lasifika biyu masu tsayin ƙugun mutum. Wata uku ya yi yana jiran su. A cikin wata ukun nan ya kwashe kaset ɗinsa kaf, ɗari biyu da 'yan kai, ya zuba a kwamfuta, ya kuma yi wa kansa alkawarin ba zai ji ko ɗaya ba sai a sabbin kaya, don kada tsohuwar lasifika ta ɓata masa jin farko. Saboda haka da ido ya yi aikin, sauti a kashe, yana kallon zanen da ke hawa da sauka a fuskar kwamfuta.

Da ya gama, ya sa manhajar wanke sauti ta bi su duka a tashi ɗaya. Ta tambaye shi ko ta cire duk abin da ba kiɗa ba. Ina ruwan Mai Kunne da tambaya irin wannan! Carar zakaran maƙwabta da hon ɗin motoci sun daɗe suna ci masa rai. Ya danna. Ta tambaye shi ko ta ajiye na asali. A gidan rediyo ba a ajiye mai datti kusa da mai tsabta, don kada wani ya ɗauki wanda ba shi ba ya sa wa duniya, kuma hannunsa ya san wannan doka fiye da kansa. Ya ce a'a. Kaset ɗin kuwa, da yake kantar da suke kai ita ce mazaunin amfilifaya, kuma rabinsu sun yi funfuna, ya loda su a kwali ya miƙa wa motar shara.

Ranar da aka haɗa kayan, da la'asar, ya kira mutum biyu: 'yarsa, da abokinsa likitan haƙori, wanda shi ma ciwon kayan sauti ya daɗe da kama shi. Ya ja kujera ya auna ta da igiyar awo, daidai tsakiyar lasifikan nan biyu, ya kashe fanka, ya kashe har firji.

"Baba, za mu dahu fa," in ji 'yar.

"Ki dahu da kunne a buɗe."

Ya fara da wani sabon faifai da ya sauke daga intanet. Kai, abin ba a magana! Likita ya rufe ido, ya buɗe, ya leƙa bayan lasifika kamar zai ga mutum a tsugune.

"Mai ganga yana can hagu, baya kaɗan," ya ce. "Wallahi har na ji yatsan mai jita yana zamewa a kan waya."

"Ka ji numfashin da mai sarewa ya ja?"

"Na ji. Amma saman sautin ya ɗan yi kaifi."

"Sabo ne. Sai ya yi awa ɗari yana aiki kafin ya saki jiki. Kai da ka saba da ƙarar injin huda haƙori, me ka sani a kaifi?"

Suka yi ta yi, wannan ya ce ƙasan ya cika, wancan ya ce tsakiyar ta fi zaƙi. 'Yar tana gefe tana fifita da murfin kwali. Ita dai kiɗa take ji, mai kyau, shi ke nan. Da ta ga abin nasu ba mai ƙarewa ba ne ta ce, "Baba, na Mama."

Mai Kunne ya tashi daga kujerar tsakiya, wadda ko Likita bai bari ya zauna a kai ba, ya ce mata ta dawo nan. Ya nemo ɗari da sha huɗu.

Jita ta shigo. Tsohon kiɗan nan da ya sani cikin shuuu da ƙaraf-ƙaraf ya fito tas, kamar an wanke gilashin taga. Har ga Allah daɗi ya fara kama shi, ya ce a ransa aiki ya yi kyau. Sarewa ta shigo. Ya san wurin, daidai inda take hawa na biyu, nan ƙofar kicin ke yin ƙara. Ya riƙe numfashi.

Sarewa ta hau, ta sauko, ta wuce abinta. Ba ƙofa, ba magana, ba dariya.

"Ba shi ba ne," in ji 'yar.

"Shi ne," ya ce, da wata murya da shi kansa bai gane ba.

Ya mayar baya. Ya ƙara sauti har labule ya motsa. Kayan nan da ke fito da zamewar yatsa a kan waya ba su ɓoye komai ba, abin ne babu. A daidai wurin sai ɗan dusashewa kaɗan a sarewar, wadda in ba Mai Kunne ba, babu mai lura. Nan take tambayoyin nan biyu suka faɗo masa, da yadda ya amsa su ko karantawa bai gama yi ba.

Likita ya yi gyaran murya. "Ai da sauƙi. A ɗauko kaset ɗin a sake."

Mai Kunne ya dubi kantar. Amfilifaya na zaune a kai, fitilarta shuɗiya na haske. 'Yar ta bi idonsa da kallo, ta gane, ta sa hannu ta rufe baki.

"Ni na yi," ya ce. "Ba na'ura ba. Shekara talatin ina cewa ta ɓata min kaset, ga shi na gyara."

Ya so ta yi masa ihu, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Likita ya lallaɓa ya ɗauki makullin motarsa, ya ce zai leƙo gobe, babu wanda ya raka shi.

Zafi ya cika falon. Can 'yar ta share fuska da bayan hannu ta ce, "Sake sa shi, Baba."

"Me za ki ji a ciki?"

"Ka sa dai."

Ya sa. Sautin na nan inda ya bar shi, da ƙarfi. Jita ta shigo, sarewa ta biyo. Da ta zo hawa na biyu, 'yar ta buɗe baki, ta faɗa daidai wurin, yadda ta haddace tun tana ƙarama:

"Haba, ka rage mana, yarinya na barci."

Mai Kunne ya miƙa hannu ya rage.