Ganye Tamanin da Huɗu

Sati uku kafintan ya yi yana sassaƙa ganye a gefen wani teburin cin abinci da aka ba shi aikinsa. Tun da 'yarsa ta tafi karatu wani gari, shi kaɗai ne a gida, shi kaɗai a shago, don haka bai ga dalilin gaggawa ba. Ganye tamanin da huɗu ya fitar, babu biyu masu kama ɗaya.

Ranar Talata mai teburin ta zo. Ma'aikaciyar jinya ce, daga wurin aiki ta biyo, idonta duk gajiya. Ta bi gefen da yatsa.

"Baba, wallahi ka yi ƙoƙari. Amma a cire mini ganyen nan."

"A cire?"

"Ƙura za ta riƙa maƙalewa. Autana asma gare shi, ni kuma ina na ga lokacin bin lungu-lungu da tsumma?"

Ya ce to. Har da murmushi ya raka ta bakin titi.

Da ya dawo sai ya zauna a kan benci, ya kasa taɓa komai. Shekara talatin yana wannan sana'a, yau ga shi yana tambayar kansa ko dama can bai iya ba, mutane ne kawai suke jin nauyinsa. Shayinsa ya huce. Ya kira 'yarsa, ba ta ɗauka ba.

Sai bayan awa biyu ta kira, ana ta hayaniya a bayanta.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Wata ce ta ce aikina bai yi mata ba."

"Haka ta ce?"

"Ta ce ƙura."

Ta fashe da dariya. "Kai Baba! Mata tana faɗa da ƙura, kai ka shiga tsakani. Bari, malami ya shigo, zan kira ka."

Ba ta sake kira ba ranar. Ya so ya gaya mata yadda ganye na goma sha ɗaya ya ba shi wahala, don ba wanda ya sani sai shi.

Washegari ya ɗauki abin kankare katako. Ganyen farko ya yi masa ciwo. Wajen na ashirin hannunsa ya kama aikin, ya lura cewa fitar da gefe sumul, ba tudu ba kwari, shi ma ba kowa ke iyawa ba. Ya tuna akwai yaro a gidan, sai ya kankare tsinin kusurwoyin huɗu, ko da yake ba a sa shi ba.

Da matar ta zo ɗauka, a kusurwar hannunta ya tsaya.

"Wannan fa, ban ce ba."

"Goshin yaro ne ya ce."

Ta yi godiya sosai, aka ɗora teburin a mota. Shagon ya yi masa faɗi. Ya share ɓawon katakon zuwa bakin ƙofa, ya jawo katakon wata ƙofar ɗaki da ke jiransa, ya laluba aljihu yana neman fensir.