Sauron Dakta Millogo

"Tura hannun ciki mana, Bureima. Ba kura ba ce."

Ina tsugune gaban kejin, na naɗe hannun riga har kafaɗa, amma na tsaya. Kejin ƙarfe ne da aka lulluɓe da yadin gidan sauro, an ɗinka masa ƙofa a gefe kamar ƙafar wando. Sauro ne a ciki, sun manne a jikin yadin, shiru.

"Ni da nake kashe su da tafi, yau ni zan ba su abinci?" na ce.

"Na san Bafillace ba ya ba da komai kyauta. Ko nono sai kun ƙara masa ruwa."

"Kai kuma Bobo, jininka duk burkutu ne, shi ya sa aka hana ka ba su."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Dakta Zezuma Millogo ke nan, maƙwabcina, kwance a doguwar kujera a barandarsa, ciki ya kumbura, idanu sun yi rawaya, wuya ya zama kamar na kaza. Bai taɓa sa burkutu a baki ba, amma tsakanin Bafillace da ɗan ƙabilar Bobo ba a gaisuwa sai da zagi. Na rufe ido na cusa hannun. Da fari ba komai. Can sai na ji sun fara sauka ɗaya bayan ɗaya, kamar ana yayyafa mini yashi mai zafi.

"Kada ka motsa. Ka bar su su cika ciki."

Ni faci nake yi. Rumfata na bakin titin unguwarmu Sarfalawo, gidana katanga ɗaya da nasa. Ban yi boko ba, aji biyu na yi na gudu. An ce Dakta ya rubuta takardu a kan sauro waɗanda ake karantawa har ƙasar Turawa, an ce gidan sauron da ake raba wa mata masu ciki akwai hannunsa a ciki. Na sha ganin fararen fata suna sauka daga mota a ƙofarsa suna cire hula. Ni dai abin da na sani, duk damina sai mun yi faɗa. Ya zo rumfata da rigar ofis ya riƙa kife mini tsofaffin tayoyi, wai ina kiwon abokan gaba. Ni kuma in ce masa wanda ke kiwonsu a ɗaki har da ba su sikari ba shi da bakin magana.

Gaskiya ne kuma, ɗaki guda ya ware musu. Kakannin kakanninsu shi ya kamo su a fadamar shinkafa ta Bama tun yana saurayi, kafin a fara yi wa auduga feshi, kafin gidan sauro mai magani ya zo. Na waje duk sun ƙangare, magani ba ya jin su kamar da. Nasa kuwa suna nan yadda Allah ya yi su. Ya ce da su ake auna na waje, a gane iya taurin da suka yi. Da ya yi ritaya wurin aikinsa suka ce ba su da inda za su ajiye su, sai ya kwaso su gida. A hannunsa suka saba ci. An gwada musu zomo, suka ƙi.

Da hantarsa ta kwantar da shi asibiti, matarsa Korotumu ta tare can wurinsa. Ruwan da ake zubawa a ƙarƙashin ƙafafun teburin sauron don tare kiyashi ya ƙafe, kiyashi suka hau suka cinye komai, har tsutsotsin da ke cikin farantai. Keji ɗaya ya tsira, wanda ke rataye. Idan matan da ke cikinsa ba su sha jini sun yi ƙwai ba, shi ke nan, zuriyar ta ƙare. Jininsa ya cika da magungunan asibiti. Korotumu ta ce ita ta auri mutum ne, ba ta auri sauro ba. Sai ya aika a kira ni. Sai da ya tura ni aka soki yatsana aka tabbatar ba ni da zazzaɓi, sannan ya yarda da hannuna.

Da na zaro hannun, cikinsu ya yi ja kamar 'ya'yan barkono.

"Saura sau ɗaya," ya ce. "Budurwar sauro ba ta yin ƙwai da ci ɗaya. Jibi ka dawo. In sun zuba ƙwan, ɗalibina Watara zai aiko a ɗauka. Yanzu shi babba ne a Wagadugu, ya ce zai ba su ɗaki."

"Me ya hana shi zuwa da nasa hannun?"

"Yana taro a Dakar."

"Kullum taro. Sauro ba ya taro, shi ya sa ya fi ku."

Washegari ina fama da tayar wata tirela, injin iska na ta ruri, sai ga 'yan mata biyu masu rigar ma'aikatan lafiya, ɗaya riƙe da sandar awon tsayi. Duk unguwa an san ni, ba na karɓar maganin da ake bi gida-gida da shi. Ko na yara sai matata ta faki idona. Na daga musu hannu su wuce.

"Baba, wannan fa na maƙwabcinka ne," ƙaramar ta ce, tana ɗaga murya saboda injin. "Binciken Dakta Millogo ne. Shi ya yi ta faɗa a raba shi da damina don zazzaɓi ya ragu. Yadda yake aiki shi ne…"

"Na Dakta ne?"

"Nasa ne."

"To ba ni, kada ki cika ni da surutu."

Ta jingina ni da sandar don ta san adadin da zan sha, ta zuba mini ƙwayoyi a tafi, na kora da ruwan buta. Na ce a raina mutumin nan yana kwance, ba za a ce maƙwabcinsa ne ya ƙi abinsa ba.

Ranar da ya ce na koma. Yana barci, baki buɗe, Korotumu na yi masa fifita. Ta ce bai runtsa ba sai da hantsi ya yi, kada in tashe shi. Ban tashe shi ba. Na shiga ɗakin sauron ni kaɗai, na cusa hannu, na daure har suka ƙoshi. Na jiƙa farar takarda na shimfiɗa a ƙaramin kwano kamar yadda ya nuna mini, don su zuba ƙwai a kai. Har ina jin daɗi, ina sosa hannu ina tafiya rumfa.

Da na leƙa da yamma ta gaba, wasu sun faɗo ƙasan kejin suna juyi a bayansu, ƙafafu sama. Na ce ko ƙoshi ne ya yi musu yawa. Kafin wata safiyar ƙasan kejin ya yi baƙi. Takardar fara fat, ko ɗigo babu. Sai wasu 'yan sirara masu gashin baki da suka rage a jikin yadin.

Korotumu ta tsaya a bayana, ta dafe ƙirji.

"Kada ka faɗa masa, Bureima. Don Allah. Ka ce sun yi ƙwan."

Ban kai ga amsa ba muryarsa ta fito daga baranda. "Ku kawo mini su in gani."

Na sauke kejin na kai masa. Ya ce a ɗaga shi, muka tallafe shi da matashi. Ya daɗe yana kallo.

"Korotumu, kin kunna maganin sauro a gidan nan?"

"Ni? Shekara nawa ka hana?"

"Bureima, ka shafa wani abu a hannu? Fetur? Man juye?"

"Da sabulu na wanke, kamar yadda ka ce."

"Me ka ci? Me ka sha?"

"Tuwo. Shayi. Sai maganinka."

Ya juyo da kai a hankali. "Wane maganina?"

Na gaya masa 'yan matan, da sandar, da ƙwayoyin. Na ce don shi na sha, ni da ko na ciwon kai ba na sha.

Ya rufe ido. Na ga kafaɗunsa suna rawa, na zaci kuka ne. Ashe dariya ce, irin wadda ba ta da sauti, yana riƙe da ciki saboda zafi.

"Sun raba," ya ce. "Har Sarfalawo. Na rubuta, na roƙa, na yi ta yawo ofis-ofis har takalmina ya cinye. Sai yanzu suka ga dama." Ya numfasa. "Maganin a jini yake zama, Bureima. Duk sauron da ya cije ka, mutuwa zai yi. Aikinsa ke nan."

Na zauna a ƙasa.

"Duka matan?" ya tambaya.

"Duka. Sai waɗannan."

"Waɗannan maza ne. Ba sa shan jini, ruwan sikari suke sha." Ya sake kallon ƙasan kejin. "Ko ɗaya ba ta tashi ba. To lallai yana aiki."

"Zan ɗauki babur yanzu in je Bama in kamo maka wasu. Buhu guda in kana so."

"Na Bama na yanzu ba su ba ne."

"To Watara fa? Ba shi da irinsu?"

"Babu mai irinsu."

"Akwai abin da za a yi mana. Kai ne Dakta. Faɗa mini in yi."

Ya miƙo hannu ya taɓa inda suka cije ni, wurin duk ya yi ƙuraje. Yatsunsa sanyi ƙalau.

"Je ka zauna a rumfarka cikin tayoyinka, ka bar na waje su cije ka. Yau dai Bafillace ya yi amfani."

Tunda muke ban taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ba sai ranar.

Daga nan bai ƙara tambayar sauron ba. Ya daina cin abinci, sai kunu cokali biyu. Nakan rufe rumfa da azahar in zo in zauna kusa da shi, in kore masa ƙuda. Wani lokaci yakan yi magana da Turancin Faransa da mutanen da ba sa wurin. Ranar Talata da hantsi ina cire ƙusa daga tayar wani mai keke na ji kukan Korotumu ta kan katanga. Na ajiye filaya. Mai keken ya ce, "Malam, tayata fa?" Na ce ya tura ta gaba.

An yi jama'a a jana'izar. Motoci har bakin rumfata. Da aka fito da shi, dangin suka tsaya suna kallona, don a al'adarmu Bafillace ne ke tare gawar Bobo a ƙofa, ya ce bawansa ba zai tafi ba sai an fanshe shi, mutane su ɗan yi dariya kafin a wuce. Na tsaya a ƙofar. Na buɗe baki. Wani tsoho ya ce, "Yi mana, Bureima." Na matsa gefe kawai, aka wuce da shi.

Washegari wata farar mota ta tsaya. Direba ne, da akwatin sanyi a hannu, ya ce Dakta Watara ya aiko shi da gaisuwar ta'aziyya, kuma a ba shi ƙwan. Na ce babu. Ya ce an gaya masa akwai. Na ce ya koma ya ce babu. Ya tsaya yana juya akwatin, Korotumu ta ba shi ruwa ya sha, ya tafi.

Ta tambaye ni yadda za a yi da kejin. Na ce ta bar shi tukuna. Na share matattun da gashin kaza, na jiƙa sabuwar auduga da ruwan sikari na ɗora a sama, na mayar da shi inda yake rataye. Duk yini mazan ba sa motsi, har na ɗauka su ma sun tafi.

Ana kiran magariba, haske ya fara ja ta taga, sai suka saki yadin. Suka taru a tsakiyar kejin suna hawa suna sauka, suna kewaya juna, da wani siririn kuka da sai ka kasa kunne. Korotumu ta zo bakin ƙofa da buta a hannu.

"Haka suke yi kowace magariba," ta ce. "Ya ce mata suke jira."

Ta tafi alwala. Ni na tsaya har duhu ya hana ni ganinsu.